Me ya sa batirin wayarka ke riga na wani ƙarewa? Jagorar gano dalili da kula da lafiyarsa

Mutum biyu za su sayi waya iri ɗaya a rana ɗaya. Bayan mako guda, ɗaya ya ce tasa tana kai shi dare har da ragowar kashi 40, ɗayan kuwa tun kafin la'asar ya fara waige-waigen inda zai jona caja. Na biyun zai rantse cewa mai lahani aka ba shi. Akan samu hakan, amma ba kasafai ba. Galibi batiran nan biyu lafiyarsu ƙalau, kayan da ake ɗora wa kowanne ne ba ɗaya ba.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne haɗa abubuwa biyu a kira su da suna ɗaya. Akwai tsawon lokacin da caji guda yake yi maka yau, akwai kuma lafiyar batirin kansa, wato abin da ya rage daga ƙarfin da ya baro masana'anta da shi. Ka ɗauke shi kamar tankin ruwa. Na farkon shi ne yadda kake buɗe famfo, na biyun kuma girman tankin, wanda yake tsukewa kaɗan-kaɗan da tafiyar watanni. Wanda famfonsa ke yoyo ba sabon tanki yake buƙata ba, wanda kuma tankinsa ya tsuke, duk tsimin da zai yi ba zai dawo masa da girman ba. Na sha ganin an canza batir mai lafiya, bayan kwana biyu ƙorafin ya dawo, domin ba a taɓa ainihin ciwon ba. Shi ya sa nake so ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake zuwa na ƙarshe.

Mataki na ɗaya: san abin da kake riƙe da shi

Kusan duk wayar zamani batirin litiyam take ɗauke da shi. Kamfanin Sony ne ya fara fito da irinsa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin ƙirƙirarsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikinsa akwai ɓangare biyu, ɗaya na girafait, wato irin baƙin sinadarin da ke cikin fensir, ɗaya na wani haɗin ƙarfe, da ruwan sinadari a tsakaninsu. In ka sa caji, ƙwayoyin litiyam sai su ƙaura zuwa ɓangaren girafait su zauna. In kana amfani da wayar sai su koma inda suka fito, kuma komawar nan ce ke ba da wutar da allonka ke haske da ita. Sai dai ba duk waɗanda suka tafi ke dawowa ba. A kowace tafiya wasu 'yan kaɗan kan maƙale a wani siririn ɓawo da ke taruwa a jikin girafait ɗin, wanda ya maƙale kuwa ya tafi ke nan. Babu manhajar da ke dawo da shi, babu lambar sirrin da za ka danna. Ko a aljihun tebur ka kulle wayar, tsufan nan yana tafiya, sai dai a hankali.

Masu ƙera waya suna auna ran batir da zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye abin da ya kai kashi 100 in an tara, ko da ba a zama ɗaya ba. Ka ci kashi 60 yau, ka cika, gobe ka ci 40: zagaye ɗaya ke nan. Saboda haka yawan jona caja da cirewa ba ya ƙara maka lissafi.

Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma bayan zagaye 1000, in yanayi ya yi daidai. Tarayyar Turai ma, tun daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta wa sabbin wayoyin da za a shigar kasuwarta su jure zagaye 800 aƙalla ba tare da sun sauka ƙasa da kashi 80 ba. Yanzu yi lissafi da 500 ɗin nan. Mai cin rabin batir a rana sai ya yi kwana 1000 kafin ya kai, kusan shekara biyu da wata tara. Mai cinye shi duka kullum zai kai cikin shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki. Wanda kuma yake cin ɗaya da rabi a rana, ko shekara ba zai cika ba. Waya ɗaya, batir ɗaya, ga shi tun a nan rayuwarsu ta rabu gida uku.

Lambar mAh da ake rubutawa a jikin kwali ma tana da nata ruɗin. Batir mai mAh 5000 yana ɗauke da wutar da za ta iya ciyar da abu mai jan wat ɗaya har kimanin sa'a 19. In aikin da kake yi yana jan wat biyar, ba za ka kai sa'a huɗu ba. Lambar girman tanki kawai take faɗa maka, ba ta san komai game da famfonka ba.

Mataki na biyu: duba lafiyar batirin kafin ka zarge shi

A iPhone, shiga Settings, ka taɓa Battery, sannan Battery Health. Lambar da ke gaban Maximum Capacity ita ce abin da ya rage. An ƙara wannan shafi ne a 2018, bayan Apple ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyi don kada su riƙa mutuwa ba zato saboda raunin batir. Daga iPhone 15 zuwa sama har yawan zagayen cajin za ka gani. A Samsung, manhajar Samsung Members tana da sashen gwaje-gwaje da ke nuna halin batir. Sauran wayoyin Android sun bambanta, wasu na nunawa a saitin batir, wasu ba sa nunawa. In taka ba ta nunawa, manhaja irin AccuBattery tana yin ƙiyasi ta hanyar auna wutar da ke shiga lokacin caji, amma sai ka ba ta caji da dama kafin ka yarda da lambarta.

In ka ga sama da kashi 90, cire batir daga cikin waɗanda kake tuhuma, ka wuce mataki na uku. Tsakanin 80 da 90 tsufa ne na al'ada. Ƙasa da 80 ne lokacin tunanin canji. Roƙona ɗaya shi ne kada ka mai da duba lambar nan aikin kullum. Ƙiyasi ce, takan tsaya wuri ɗaya wata da watanni sannan ta faɗi da maki biyu a mako guda, ba don wani abu ya lalace ba. Sau ɗaya a wata biyu ya wadatar.

Mataki na uku: gwajin dare

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi ƙin yi domin yana son haƙurin kwana biyu ko uku. Daren farko, cire wayar daga caji kafin ka kwanta, rubuta kashin da take kai, ajiye ta yadda ka saba, kada ka kashe komai. Da safe ka duba. Waya mai lafiya da ke kwance sa'a bakwai ko takwas 'yan maki kaɗan take zubarwa. In ka tarar ta zubar da 15 ko 20, akwai abin da bai yi barci ba.

Dare na biyu, maimaita, amma ka sa ta a yanayin jirgin sama. In zubar ta tsaya, ɓarawon yana shigowa ne ta hanyar sadarwa: ko raunin sabis a ɗakin da kake kwana, ko wata manhaja da ke ta kai da kawowa a intanet. In zubar ba ta tsaya ba, to ko manhaja ce ta maƙale tana juya injin wayar, ko kuma matsalar a jikin wayar take. Mai Android zai iya raba gardamar a dare na uku ta hanyar kunna wayar a Safe Mode, yanayin da ke hana duk manhajojin da ka sauke da kanka tashi. In a nan ta kwana lafiya, ka san a cikin abin da ka sauke mai laifin yake.

Da rana kuma, buɗe shafin batir a saiti ka duba abu biyu: sa'o'in da allo ya yi a kunne, da jerin manhajojin da suka ci wuta. Sa'o'in allo su ne ma'aunin gaskiya idan za ka gwada wayarka da ta wani. Mutumin da ke alfaharin kwana biyu bai yi caji ba, ka duba nasa, sau da yawa za ka ga allonsa sa'a uku kawai ya yi a kunne, kai kuwa ka yi bakwai kafin magariba. A jerin manhajoji, kada ka damu da wadda ta zo ta ɗaya in ita ce ka fi buɗewa, wannan haƙƙinta ne. Wadda za ka sa wa ido ita ce wadda ba ka buɗe ba, ko ka buɗe minti biyar, amma ga ta a sama da sa'o'i na aiki a ɓoye.

Ka kuma yi wa wayar uzuri in sabuwa ce, ko ba ta daɗe da karɓar babban sabuntawa ba. A kwanakin farko tana jera hotuna, tana sauke bayanai, tana koyon yadda kake amfani da ita. Bar ta ta yi kwana uku zuwa mako kafin ka yanke hukunci.

Mataki na huɗu: rage manyan masu ci

Allo ne kan gaba a yawancin wayoyi, haskensa kuma shi ne babban abin. Wanda ke aiki a waje cikin rana, allonsa na ƙure haske yini guda don ya iya gani, wanda ke zaune a ɗaki kuwa rabin haka ya ishe shi. Wannan kaɗai zai iya raba batiran mutum biyu da sa'o'i. Bar hasken a kan mai daidaita kansa, ka rage lokacin da allo ke ɗauka kafin ya mutu zuwa daƙiƙa 30. In allonka OLED ne, baƙin fuska, wato Dark Mode, yana taimakawa, domin a irin wannan allo kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙin ɗigo kuma a kashe yake. A allon LCD fitila ɗaya ce ke haskawa daga baya ko da me ake nunawa, don haka baƙin fuska ba ya rage komai a zo a gani. Allon da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa ya fi mai 60 santsi a ido, ya kuma fi shi ci. Ranar da kake son cajin ya kai ka, mai da shi 60.

Sai sabis, wanda shi ne dalilin da ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina shi ya fi bayyana abin da ya sa maƙwabta biyu ke samun sakamako mabambanci. Waya ba saurare kawai take yi ba, magana take da eriyar kamfanin sadarwa. In eriyar na kusa, raɗa ya isa. In tana nesa, ko bango mai kauri ya shiga tsakani, dole wayar ta ɗaga murya, ɗaga muryar kuma wuta ce. Ga shi saƙon da zai wuce cikin daƙiƙa ɗaya a sabis mai ƙarfi sai ya ɗauki goma a mai rauni, duk tsawon lokacin nan na'urar sadarwar tana a farke. Wanda ofishinsa ke ƙarƙashin bene, ko yake yini a mota ko jirgin ƙasa wayar na tsalle daga wannan eriya zuwa waccan, batirinsa zai riga na kowa ƙarewa ko da bai taɓa allo ba. Layi biyu a waya ɗaya na ƙara nauyin, musamman in ɗayan ba shi da sabis a inda kake, yana ta lalube. 5G ma a wurare da yawa a kan 4G yake jingine, wayar na riƙe da duka biyun a lokaci guda.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Inda akwai Wi-Fi mai kyau, hau shi, ya fi data sauƙin wuta. Inda 5G ke zuwa yana ɗaukewa, tsayar da wayar a 4G. Layin da ba ka buƙata a ranar, kashe shi daga saiti. Inda babu sabis ɗungurungum, sa yanayin jirgin sama har ka fito. In kuma kana raba wa wasu data daga wayarka, ka sani aiki biyu take yi a lokaci ɗaya, karɓa da rabawa, shi ya sa take ɗumi.

Ɗaukar bidiyo, kiran bidiyo, wasanni masu nauyi da taswirar da ke nuna hanya, waɗannan duk masu ci ne kuma babu dabarar da za ta canza hakan. Taswira ta fi kowa haɗa su: allo a kunne da cikakken haske, ga data, ga bibiyar tauraron ɗan'adam. Aikin da ka sayi wayar dominsa ne, yi abinka, ka dai san farashinsa.

A ɓangaren manhajojin ɓoye, bi izinin sanin inda kake ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ba ta da dalilin bin sawunka dare da rana, mai da ita sai lokacin da kake amfani da ita. Kashe sanarwar da ba ka karantawa, domin kowace sanarwa tana tada allo da injin wayar. Wadda gwajin dare ya kama, taƙaita mata aikin ɓoye ko ka goge ta.

Abubuwa biyu kuma ka daina. Na farko, share duk manhajojin da ke buɗe kowane minti goma. Tun 2015 Android ke da tsarin Doze da ke kwantar da manhajoji in waya na ajiye, a 2018 kuma aka ƙara Adaptive Battery mai taƙaita waɗanda ba ka cika buɗewa ba. iPhone ma daskarar da su take yi. In ka kore su, sake tada su daga tushe ya fi barinsu cin wuta. Na biyu, manhajojin da ke alƙawarin sanyaya waya ko ninka ƙarfin batir. Su kansu aiki suke a ɓoye, da yawansu kuma talla suke saukewa da datarka.

Mataki na biyar: tsare shi daga zafi

Mataki na uku da na huɗu maganar famfo ce. Daga nan maganar tankin ce, kuma in abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga jagorar nan, ɗauki wannan: zafi ya fi komai tsufar da batir. Ɓawon nan da ke cinye litiyam aikin sinadarai ne, aikin sinadarai kuma da zafi yake sauri. Apple ya ce na'urorinsa sun fi sakewa tsakanin digiri 16 da 22 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma yi gargaɗin cewa sama da digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. Sinadarin ɗaya ne a sauran wayoyi, don haka gargaɗin ya shafi kowa.

Mafi munin haɗi shi ne zafi tare da cikakken caji. Waya a gaban gilashin mota cikin rana, tana jone da caja, taswira na aiki, batir na kan 100: da wuya a samu abin da ya fi wannan cutar da shi. Na biye da shi shi ne wasa mai nauyi ana caji, zafin injin da zafin cajin su haɗu a jiki ɗaya siriri wanda ba shi da fanka. Sai caji a ƙarƙashin matashi ko cikin bargo, wanda ban da tsufar da batir har hatsarin gobara yake da shi.

Ka mai da hannunka ma'auni. Ɗumi kaɗan lokacin caji ba komai ba ne. In ta kai riƙe ta na damunka, cire cajar, cire rigar wayar, ajiye ta a inuwa a kan abu mai tauri har ta huce. Kada ka sa ta a firiji, raɓar da za ta taru a cikinta wata sabuwar matsalar ce. In wayar da kanta ta dakatar da caji ta ce sai ta huce, kāre kanta take yi, kada ka matsa mata.

Sanyi nasa halin daban. Yana rage ƙarfin batir na ɗan lokaci, har waya ta mutu alhali tana nuna saura, amma da ta ji ɗumi ƙarfin zai dawo. Abin gudu shi ne yin caji batirin na cikin sanyin da ya kai na ƙanƙara, domin a nan litiyam kan daskare ya zama ƙarfe a fuskar girafait maimakon ya shige ciki, wannan lahanin kuma ba ya gyaruwa. Bari ta ɗumama tukuna.

Mataki na shida: gyara yadda kake caji

Batirin litiyam ya fi samun sauƙi a tsakiya. Can sama kusa da 100 yana cikin matsi, can ƙasa kusa da sifili ma haka. Daga nan shawarar tsayawa tsakanin 20 da 80 ta samo asali, kuma tana da tushe. Amma ban yarda mutum ya zama mai gadin waya ba, yana tashi tsakar dare don ya cire caja. Wayoyin yanzu suna yi maka wannan aikin. iPhone tun 2019 tana da Optimized Battery Charging, wanda ke tsayar da caji a 80 cikin dare ya ƙarasa dab da lokacin da ka saba tashi, daga iPhone 15 kuma kana iya kafa iyakar 80 ɗin ta dindindin. Samsung na da Battery protection, wanda a da yake tsayawa a 85, a sabbin wayoyi kuma a 80. Wayar Pixel ta kamfanin Google na da Adaptive Charging, an kuma ƙara mata iyakar 80 a ƙarshen 2024. Nemi makamancinsa a saitin batirin wayarka.

Wanne za ka zaɓa? In kana kai dare da ragowar kashi 30 ko 40, sa iyakar 80, ba za ka ji asarar komai ba. In kuwa da ƙyar kake kai yamma, kada ka yanke wa kanka kashi 20 yau don gudun rasa shi nan da shekara biyu. Yi amfani da mai ƙarasawa da asuba, ka cika wayarka. Ranar tafiya ma cika ta zuwa 100 hankali kwance. Abin da ke cutarwa shi ne daɗewa a can sama kullum, musamman cikin zafi.

Cajin dare ba ya cika batir ya wuce iyaka, akwai na'urar da ke yanke wutar in ya cika. Caji mai sauri kuma laifinsa zafin da yake haifarwa ne, za ka kuma ga yana gudu daga farko sannan ya lafa in ya doshi 80. Da gangan aka tsara shi haka. Yi amfani da shi in kana sauri, da dare kuwa caja mai sanyin gudu ta fi. Cajin da ba ya buƙatar igiya ya fi ɓarnar wuta, wutar da ta ɓace kuma zafi take zama, balle in wayar ba ta zauna daidai tsakiyar faifan ba.

Kan caja mai wat da yawa ba ya ƙona waya, domin wayar ce ke faɗar abin da za ta karɓa. Abin tsoro shi ne kan caja na jabu da ba shi da kariya a ciki, da igiyar da ta fara tsagewa. A nan ban ga dalilin yin tsimi ba.

Akwai tsofaffin shawarwari biyu da har yanzu ake gadonsu: wai sabuwar waya sai ta yi sa'a takwas a caji, wai kuma a bari batir ya mutu kafin a jona. Na zamanin batirin nikel ne, ba su shafi litiyam ba, ta biyun ma cutarwa take in ta zama ɗabi'a. Wuri ɗaya kawai take da amfani. Kashin da kake gani a allo lissafi ne da wata 'yar na'ura ke yi, kuma takan ɓata lissafin. In ka ga wayar na tsalle daga 40 zuwa 25, bar ta ta sauka ƙasa sosai sau ɗaya, sannan ka cika ta zuwa 100 ba tare da katsewa ba. Ma'aunin ne zai daidaita, batirin bai ƙaru da komai ba.

Wayar da za ka ajiye wata da watanni, bar ta a wajen kashi 50, ka kashe ta, ka sa ta wuri mai sanyi marar damshi. Duk bayan wata shida ka mai da ita 50 ɗin. Wadda aka ajiye a sifili kan iya zurfafa har ta ƙi karɓar caji.

Mataki na bakwai: gane lokacin canji

Tsohon batir ba ƙanƙancewa kawai yake yi ba, har ƙarfin turo wuta da yawa a lokaci guda yake rasawa. Shi ya sa waya ke mutuwa tana kan kashi 20 ko 30 da zarar ka buɗe kyamara, ko ta riƙa nauyi ba gaira ba dalili. In ka haɗa wannan da lafiyar da ta sauka ƙasa da 80, kuma gwajin dare bai kama wata manhaja ba, canza batirin. In sauran jikin wayar lafiya lau ne kuma tana samun sabuntawar tsaro, sabon batir zai iya ƙara mata shekaru. Kai ta wurin da kamfanin ya amince da shi ko wurin ƙwararren da ka yarda da aikinsa, ka tambayi asalin batirin da za a sa, ka kuma kwafe bayananka kafin ka miƙa ta. Ka sani cewa wayar da aka buɗe ba lallai ta riƙe kariyarta daga ruwa kamar da ba.

Alama ɗaya ce ba ta jira: kumburi. In ka ga bayan wayar ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jiki, ko ta daina kwanciya daidai a kan tebur, iskar gas ce ta taru a cikin batirin. Daina caji nan take, kashe wayar, kada ka danne ta don ta koma, kada ka huda. Ajiye ta a kan siminti ko tayil, nesa da abin da ke kamawa da wuta, har ka kai ta wurin gyara. Abin da ya faru da wayar Samsung Galaxy Note 7 a 2016, lokacin da lahani a batir ya sa aka janye wayar daga kasuwa aka kuma hana shiga jiragen sama da ita, ya isa ya nuna irin wutar da ke ƙunshe a wannan ɗan siririn abu.

Tsohon batirin kada ya shiga kwandon shara, domin in aka matse shi a motar kwasar shara yana iya tada gobara. Rufe bakin mahaɗin wutarsa da salatif, ka bar shi wurin mai gyaran ko wurin da ake karɓar tsofaffin kayan lantarki. Da an sa sabon, kunna iyakar caji tun ranar farko, ka sake yin gwajin dare, ka rubuta makin da ta zubar da sa'o'in allon da ta ba ka a wuri ɗaya, domin da su za ka gwada in ka sake jin cajin ya fara gudu.